Masu Wuce Zaure

Kakata ta wajen uwa ungozoma ce a cikin tsohon garin Sakkwato, can wajen Ƙofar Rini, ni ce kuma mai riƙe mata fitila tun ban cika shekara goma ba. In aka buga ƙofa cikin dare ba ta tambayar ko wane ne. Takan taɓa ƙafata ta ce, “Tashi, ɗiyata, ɗauko fitila.” Mu bi lungu, ina gaba tana baya, har mu kai gidan da aka kira ta. A zaure mukan tarar da maza, maigida da ƙannensa da maƙwabci, sun yi jugum. Iyakarsu ke nan. Mu kuwa sai mu yi sallama mu wuce.

Daga baya na yi karatun aikin lafiya, na sa farar riga, na yi shekara talatin da 'yan kai a ƙananan asibitocin unguwa, sannan na gane abin da tsohuwar nan ta gadar mini. Ban gaji askarta ba, ban kuma riƙe sunayen rabin ganyayen da ta sani ba. Wucewar zauren nan na gada. A garin da ake rubuta “ba shiga” a bakin ƙofa, mai son ya taimaki mace a kan lafiyarta dole ya iya tarar da ita a ɗakinta, kanta ba ɗankwali, ta faɗa masa abin da ba za ta faɗa a layin asibiti ba. Wannan sana'a ta shiga gida tana da tarihi a Sakkwato, kuma ina so in bi shi, domin akwai wani ciwo da ya shigo mana wanda masu shiga gida kaɗai za su iya tare shi.

Ba da mu aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta ga matsalar tun a zamaninta: macen da take tsakiyar haihuwa da raino ba ta iya barin gida ta zo ɗaukar karatu. Sai ta juya al'amarin. Ta zaɓi dattawan mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa musu malfa da jan ƙyalle, aka kira kowace jaji. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata su zo wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su bi gida-gida suna isar da shi ga matan da ba su fito ba. Su ne 'Yan Taru. A 1839 ta rubuta littafinta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, kuma ba ta manta da mai ciki da mai naƙuda a cikinsa ba. Ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Da Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon jajoji. Duk lokacin da na bi ta Hubbare nakan tuna cewa dabarar da ƙungiyoyin duniya suke koya mana a ɗakin taro, wato a zaɓi mace daga cikin jama'a, wadda aka yarda da ita, a koya mata, a tura ta gidaje, an yi ta a garin nan tun kafin a san allura.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abin da suka kawo na lafiya a tsaye yake wuri ɗaya, sai dai a je masa: ɗakin shan magani na En'e, da malamin asibiti namiji, da asibitin kutare na Amanawa a bayan gari. Duba-gari shi ne mai leƙa gidaje, shi kuwa da tara aka san shi, ba wanda yake murnar ganinsa. Don haka haihuwa ta zauna inda take, a hannun ungozoma da tsofaffin gida.

Ya kamata in tsaya a kan jego, saboda 'yan baya sun fara saninsa da sunan zargi kawai. A da, mace takan yi naƙudarta ita kaɗai ko da wata tsohuwa a gefe, saboda kunya, musamman a haihuwar fari. Sau da yawa sai ɗa ya faɗo ake kiran kakata. Ita za ta yanke cibiya, ta jira mabiyiya ta fita, ta wanke jariri, ta binne abin da ake binnewa a bayan ɗaki. Daga ranar kuma jego ya fara. Tun ciki yana wata bakwai maigida ya tara itace. Da asuba a hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ko na runhu a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, safe da yamma, har kwana arba'in. Ta fito ta sha kunun kanwa da zafinsa, ta ci tuwo da miya mai yaji da daddawa, a gasa mata nama, a dafa mata ƙauri. Abin da ake gudu sanyi ne. An yi imani in sanyi ya shiga jikin da haihuwa ta buɗe, kumburi zai biyo baya. Ranar suna a ba ungozoma rabonta na nama da hatsi da ɗan abin da ya sawwaƙa.

Abin da idona ya gani a gidajen nan ya wuce ruwan zafi. Kwana arba'in cur, mace ba ta daka, ba ta ɗaukar ruwa, ba ta kwana ita kaɗai. Sau biyu a rana wata babba tana ganin jikinta tsirara, ta san ko jini ya tsaya, ko nono ya kawo, ko ƙafa ta kumbura, ko ido ya yi fari. Kakata takan zauna a bakin gado ta ce, “Mi kic ci yau? Nuna mani ƙwaryar.” In mai jego ta yi shiru fiye da kima, ta lura. Takan ce kabarin mai jego a buɗe yake sai ta yi arba'in. Ban san wani asibiti a duniya da yake duba mace sau tamanin bayan ta haihu ba.

Amma cikin al'adar akwai cuta, kuma ba zan ɓoye ta ba. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin matan da ake kawowa bayan haihuwa suna haki, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. Sun tarar abin yana samun wajen mace ɗaya cikin ɗari a Zariya, adadin da ba a san irinsa ba a sauran duniya, suka kuma danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin wanka da na gadon da ake hura wa wuta. A nan Sakkwato ma, Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna ciwon ya yawaita. Masu bincike na baya, musamman a Kano, sun ƙara da wasu dalilai, irin su ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini na lokacin ciki. Sai ka ga kumburin da ake wankan don gudunsa, wani lokaci kanwar ce take ƙara shi. Mu da muka fito makaranta da wannan ilimi mun ɗauke shi kamar sanda. Muka shiga gidaje muna faɗa da tukunya, muna ce wa tsofaffi jahilai. A ganina kuskurenmu ke nan mafi girma. Da mun ce a rage kanwa, a surka ruwa, a bar sauran, da mun sami abokan aiki a kowane gida. Maimakon haka tsofaffi suka koyi ɓoye mana abin da suke yi.

Na fara aiki a 1986. Lokacin ana cikin zafin abin da aka amince da shi a taron Alma-Ata na 1978, cewa lafiya ta bar jiran mutane a babban asibiti ta je inda suke. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya kai da fata a kan kiwon lafiya matakin farko, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar kula da matakin farko a 1992. An koya mana cewa rabin aikinmu a cikin unguwa yake, ba a kan kujera ba. Muna da littafin ƙa'idojin aiki da jakar hannu da ma'aunin jarirai. Abin da muka fi koyarwa shi ne ruwan gishiri da sukari don gudawar yara: kwalbar lemo biyu ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ƙwayar sukari biyar. Sukari a wurinmu magani ne a lokacin. Ciwon suga kuwa shafi kaɗan ne a littafi, muna ɗaukarsa ciwon manyan alhazai masu tumbi, irin wanda ake ganewa in kiyashi ya taru inda mutum ya yi fitsari.

Sauran tarihin kowa ya gan shi. Rigakafin shan-inna ya gamu da turjiya a 2003, kuma ba a shawo kan abin ba sai da sarakuna suka shigo, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, sai kuma da aka ɗauki matan unguwa suka riƙa bin gida-gida da alli da ɗan akwatin sanyi, suna shan zagi da rana, har aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. A 2013 jihar Sakkwato, da taimakon shirin TSHIP, ta fara raba maganin shafa wa cibiya da ƙwayoyi uku na tsayar da jini bayan haihuwa, ta hannun mata 'yan sa-kai a mazaɓu 244 na jihar. Wannan ya yi ma'ana, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar nan haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Na ga ungozomomin da suka bar toka da gashin cibiya da tsumma suka koma wa wannan magani, ba don an tsawata musu ba, don an zauna da su.

Sai dai duk waɗannan shirye-shirye, in ka duba, ko dai don jariri suka zo, ko don ranar haihuwa. Uwa tana da daraja a takardunmu muddin tana ɗauke da ciki. Da ta sauke, sai ta koma mai kawo yaro rigakafi.

A cikin shekarun nan garin ya sauya a ƙarƙashin ƙafafunmu. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, 'yan garuwa suka karɓi na rijiya, babur da keke-napep suka karɓi tafiyar ƙasa. Shinkafa da taliya da burodi suka matsa wa gero da dawa. Fura da ake sha da tsaminta, yanzu sai an zuba mata sukari. Kayan barka da a da hatsi ne da yaji da sabulu, yanzu da katan ɗin lemon kwalba da madarar gwangwani ake zuwa, kuma mai jego ce take shanye su, shayi mai kauri safe da dare, wai don nono. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa sun auna Fulanin birni da na ƙauye a jihar nan: a birni sun sami ciwon suga ga kusan mutum biyar cikin ɗari, a ƙauye bai kai ɗaya ba. Jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta.

Akwai wata mata da ba na mantawa, 'yar wajen Mabera. Cikinta na biyar ne ta zo awo wurina, wajen 2011. Mace ce mai jiki, mahaifiyarta tana da suga, ɗanta na huɗu kuma an sha wuya kafin ya fito saboda girma. Na tsoma tsinken gwaji a fitsarinta ya sauya launi, na tura ta babban asibiti. Can aka ba ta ruwan sukari ta sha, aka ɗebi jini, aka ce tana da sugan ciki. Ta bi doka iyakar ƙoƙarinta, har allurar insulin ta koya ta yi wa kanta. Aka yi mata aiki aka ciro namiji mai kilo huɗu da 'yan kai. Kashegari aka auna ta, suga ya sauka, aka ce ta daina allura, ya tafi. A ƙasan takardar sallama wani ya rubuta da Turanci, da rubutun da ni ma sai da na ƙura ido, cewa ta dawo bayan mako shida a sake gwaji. Ba wanda ya karanta mata. Ta tafi wankan gida wurin iyayenta.

Na je suna. Na ɗauki yaron, na ci abinci, na yi barka. Ta kawo shi rigakafi yana mako shida, da mako goma, da sha huɗu, da wata tara. Duk zuwan nan ni na auna shi, na rubuta nauyinsa, na yaba ƙibarsa. Tana zaune a gabana, yatsanta bai fi taku ɗaya daga hannuna ba, ban taɓa cewa ta miƙo shi ba. Rajistar da ke gabana ba ta da gurbin uwa, ni kuma ban tuna ba.

Bayan shekara huɗu aka shigo da ita a rame, ƙishirwa ba ta barinta, fitsari ya hana ta barci, tana gani dishi-dishi, ga wani gyambo a ɗan yatsan ƙafa da ya yi wata biyu bai warke ba. An yi ta ba ta maganin shawara da na sanyi. Na soki yatsanta, na'ura ta nuna sama da 400. Ta dube ni ta ce, “Inna, ai ku kunka ce mani ya tahi.” Ban sami abin da zan ce mata ba. Ta rasa yatsan. Tana nan da rai, tana shan magani, kuma har yau in mun haɗu ita take fara gaishe ni.

Bayan wannan ne na nemi sanin abin da ya kamata in sani tun farko. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da take fitar da insulin, shi ne mabuɗin da yake shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. In mace tana da ciki, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai da suke dakushe wannan mabuɗi, don abinci ya wadaci ɗan tayi. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya rufe giɓin. Wadda nata ya kasa, sukari ya taru a jininta, ya wuce wurin ɗa, ɗa ya yi girman da zai iya maƙalewa a hanya. Shi ya sa ake gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Da mabiyiya ta fita, nauyin ya sauka, suga ya koma daidai. Gaskiya ne ya sauka. Amma cikin ya riga ya tona asirin cewa gaɓar nan mai rauni ce, kamar katangar da damina ɗaya ta nuna inda take tsatsa. Rani ya zo ta bushe, tsagar tana nan.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. O'Sullivan da Mahan, waɗanda suka fitar da ma'aunin gane sugan ciki a birnin Boston a 1964, sun gina shi ne a kan wace uwa ce za ta kamu da ciwon suga nan gaba. Wato tun asali gwajin gargaɗi ne ga uwa. A 2009 mujallar Lancet ta tattara bincike da yawa ta nuna macen da ta yi sugan ciki ta fi wadda ba ta yi ba haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin wajen sau bakwai.

A wani taron bita wata likita ta ba mu labarin da ya tsaya mini a rai. A Amurka akwai miliyoyin mutane 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen kudancin nahiyar, masu magana da Sifaniyanci, kuma sugan ciki ya yi yawa a cikin matansu. A birnin Los Angeles, binciken da Kjos da Buchanan da abokansu suka buga a 1995 ya nuna kusan rabin irin waɗannan mata sun kamu da ciwon suga cikin shekara biyar bayan haihuwa. Ga asibitoci, ga na'urori, amma da yawa ba sa komawa gwajin bayan haihuwa: takarda da harshen da ba nasu ba, ba mai riƙe musu yara, ba abin hawa, miji yana wurin aiki, ga tunanin cewa ciwon ya tafi. Ina jin haka na ce a raina, ai matan Mabera ne. Abin da ya taimaka musu shi ne matan cikinsu da ake kira promotora, maƙwabta da aka horar, masu jin harshensu, masu cin irin abincinsu, su je gida, su buga waya, su raka mace asibiti, su shiga madafa su nuna yadda za a rage mai da sukari ba tare da an bar abincin gado ba. A San Diego wani shiri mai suna Project Dulce ya fara irin wannan aiki tun 1997, daga baya ya buɗe reshe don iyaye mata da suka yi sugan ciki. Babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda aka buga a 2002, ya nuna tafiyar minti 150 a mako da rage ƙiba kaɗan suna rage kamuwa da fiye da rabi ga waɗanda suke bakin gaɓa. Da likitar ta gama, wata abokiyar aikina ta raɗa mini cewa wannan ai jaji ce ba malfa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ƙa'idar likitoci ita ce a sake gwada mace tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku har iyakar rayuwa. Mako shida kwana arba'in da biyu ne. Ranar da likita yake so a gwada ta, kusan ita ce ranar da al'ada take sauke tukunya, mai jego ta yi kitso da lalle, ta saɓa goyo ta fita yawon arba'in gidajen dangi. Ita ce kuma ranar da jariri yake karɓar rigakafinsa na mako shida. Hanyoyi uku sun haɗu a mararraba ɗaya, mu kuma muka bar mace ta wuce ta wurin ba wanda ya tsayar da ita. Kulawar tsofaffi a ranar take ƙarewa, ta asibiti kuwa ta riga ta ƙare tun ranar sallama.

Gwajin ba wuya gare shi a takarda ba, a gida ne wuyar take, kuma mai shiga gida ce kaɗai ta san ta. Ana so mace ta kwana ba ta ci komai ba na awa takwas, a ɗebi jini, ta sha sukari giram 75 da aka dama, ta zauna awa biyu, a sake ɗiba. Je ka ce wa uwar miji mai jego za ta fita da safe ba ta sha kunu ba, ka ji amsa. Adireshin da ke katin awo na gidan miji ne, ita kuwa tana gidan iyayenta a wata unguwa, wani lokaci a Wamakko ko Bodinga. Lambar wayar da aka rubuta ta maigida ce, yana kasuwa, in an kira ya ce lafiya lau take. Ga kuɗin gwaji da na abin hawa, bayan ragon suna ya kwashe aljihu. Saƙon waya ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai an zauna a tabarma da tsohuwa, an tsaya a zaure da maigida, an ce masa, “Malam, kuɗin gwajin nan bai kai na maganin wata ɗaya ba in ciwon ya zauna.”

Kuma muna da abin da za mu gina a kai. Matanmu suna shayarwa har kusan shekara biyu, shayarwa kuwa tana cikin abubuwan da aka ga suna rage haɗarin. Gero da dawa da wake da zogale da rama da kuka suna nan a kasuwa, sun fi abin da ya kore su araha. Macen da take cikin kulle ba za a ce mata ta fita gudu ba, amma tana iya zagaya tsakar gida bayan la'asar, ta koma wa turmi wani lokaci, ta sha furarta ba sukari. Abin da ba mu da shi, mai bibiya ne. 'Yan sa-kai sukan yi aiki muddin shirin da ya kawo su yana raye, in ya tashi alawus ya tsaya, jaka ta koma ƙarƙashin gado. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS a 2018 don a haɗa su a inuwa ɗaya, ina kuma fatan ya ɗore. Yaran da suke fitowa daga kwalejin aikin lafiya ta Gwadabawa sun fi mu karatu, amma na sha ganin na'urar awon suga a aljihun tebur ba tsinken da za a sa mata. A biya mai shiga gida albashin da za ta dogara da shi, a ba ta tsinke, a ƙara layi ɗaya a katin rigakafin yaro inda za a rubuta cewa uwarsa ta yi sugan ciki. Katin yaro ba ya ɓata a gidan Bahaushe. Takardar sallamar uwa ce take ɓata.

Na yi ritaya, amma ina da wani littafi mai bangon shuɗi da nake rubuta sunayen matan unguwarmu da aka ce suna da sugan ciki, da ranar da kowace za ta yi arba'in. A watan jiya ranar wata yarinya ta zo, haihuwarta ta biyu. Ana gobe za a sauke tukunya na je gidan da la'asar, na wuce zaure, na tarar da uwar mijinta tana tsame ganye daga ruwa. Ban yi maganar wanka ba. Na taya ta juye ruwan, muka zauna, na ba ta labarin matar Mabera ba tare da na kama suna ba. Ta yi shiru, can ta ce, “To, Malama, kunun fa?” Na ce a zuba shi a fulas mu tafi da shi, da an gama ɗibar jini na biyu ta sha.

Da sassafe muka fita mu uku, tsohuwa tana rungume da jariri da fulas. Muka yi zaman awa biyun nan a kan benci, yarinya tana ɓata fuska saboda zaƙin ruwan. Sakamako ya fito 156. Bai kai 200 da ake kira ciwo ba, ya kuma wuce 140 da ake kira lafiya. Likita ya yi mata bayani, na maimaita mata da irin maganarmu, na maimaita wa tsohuwa. Na karɓi katin rigakafin yaron na rubuta a bayansa da ajami, yadda tsohuwar za ta iya karantawa, cewa a sake gwada uwarsa in watan Maulidi ya kama baɗi. Ta karɓa ta duba, ta naɗe shi a leda, ta ce cikin kwallar da take ajiye kuɗin adashi za ta sa shi.